Ƙuman kaji: me ya sa kake sa magani amma yake dawowa?

Tambayar da na fi samu daga masu fara kiwo a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, musamman da bazara, ita ce: kaji na cin abinci amma suna ramewa, ƙwai ya ragu, kaza ta gudu ta bar kwanci. Kafin ka sayi maganin ruwa, duba ƙuma.

Wanda nake magana a kai shi ne jan nan mai shan jini, wanda masana ke kira Dermanyssus gallinae. Girmansa bai wuce milimita 1 ba. Ba a jikin kaza yake zama ba. Da rana yana ɓuya a tsagar bango, ramin azara, gaɓar katako da cikin akurki. Da dare ya fito ya sha jini ya koma. Daga ƙwai zuwa babba kwana 7 ya ishe shi in akwai ɗumi, kuma yana iya yin wata 8 a ɗaki ba kaza bai mutu ba. Shi ya sa wanda ya wanke kaza ya bar ɗakinta bai yi komai ba. Akwai ɗan'uwansa da ke zama a jiki, shi za ka gani a gashin gindin wutsiya.

Ta ina yake shigowa? Tantabaru da gwarare masu sheƙa a rufi, kejin da aka aro, kwalin ƙwai da aka taɓa amfani da shi, da kazar da ka sayo ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi ka sake ta cikin naka a ranar.

Gwaji: bayan isha'i ka ɗauki tocila, ka goga farin ƙyalle ƙarƙashin sandar da suke kwana. In ka ga ɗigon jini, shi ne.

Abin yi:
1. Fitar da kaji, kwashe shimfiɗa ka ƙone.
2. Kwara tafasasshen ruwa a tsagogi, ka liƙe su, ka shafa farar ƙasa.
3. Fesa maganin da likitan dabbobi ya rubuta, ka maimaita bayan kwana 7, don feshin farko ba ya kashe ƙwayayensu.
4. Zuba toka da yashi su riƙa birgima.
5. Cire sheƙar tsuntsaye, sabuwar kaza kuma a ware ta sati 2.

Don Allah a bar fesa fiya-fiya ko Sniper a jikin kaji. A 2017, saboda wannan ƙwaron aka fesa fipronil a gonakin Holan da Beljiyam, aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa. Ƙwan da kake sayarwa, yaran wani za su ci.

Wanda ya gwada farin ƙyallen nan yau, ya faɗa mana abin da ya gani. Allah Ya sa albarka a kiwo.