Ciwon Ƙashi A Jikin Masu Amosanin Jini

Duk malamin da ya taɓa kiran suna a makarantun ƙasar Goronyo, ko Wurno, ko Raba, ya san irin yaron nan da akan yi makonni ana kiransa ba amsa. In an aika gida a ce ƙafa ce ta tashi. Sau da yawa amosanin jini ne, watau sikila, cutar da yaro ke gada daga uwa da uba duka biyu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Nijeriya.

To, ciwon ƙashin nan iri biyu ne. Na fari, jini ne ke toshe ƙananan hanyoyinsa, ƙashi ya ɗauki zogi, bayan 'yan kwanaki ya lafa. Na biyu kuwa ƙwayar cuta ce ke shiga ƙashin ta zauna, har ta tara mugunya. Kamanninsu ɗaya, zazzaɓi da kumburi da zogi, ko likita ma sai ya auna. Abin da ya sa ta fi kama masu sikila shi ne cutar tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, saifa kuwa ita ce matatar jini. Ƙwayoyi biyu suka fi yin ɓarnar: Salmonela, dangin mai kawo taifot, wadda ke bin ruwa da abinci marasa tsabta, da Sitafilokokas mai zama a fata da hanci.

Bature Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa in aka sha magani kaɗan, ƙwayar ba ta mutuwa, sai ta saba da shi. Ba a daɗe ba, a 1961, aka ga Sitafilokokas a Ingila da ta gagari sabon maganin da aka yi dominta. Yau ire-irenta sun bazu duniya, har ƙasarmu.

Magani ba ya ratsa ƙashi da sauƙi. Jinyar takan ci mako 4 zuwa 6, da allura tukuna, wani lokaci har sai an yi aiki an fid da ruɓaɓɓen ƙashi. Amma uba a Giyawa, ran kasuwa, kafso shida yake saye. Zazzaɓi ya sauka, a daina. Raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu taurin kai sun saura, su ne za su hayayyafa. Ni dai ban ga laifinsa ƙwarai ba, gama kuɗin mota zuwa Sakkwato da na jinya ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Amma ɗingishin da yaro zai girma da shi ya fi wannan tsada nesa.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akan ɗebi jini ko mugunya a rene ƙwayar 'yan kwanaki, a gwada mata magunguna, a ga wanda ke kashe ta. Kafson da aka riga aka sha yakan ɓata wannan awo. Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, in almajiri mai sikila ya yi zazzaɓi, ko kumburi ya tsaya masa wuri guda, su sa iyaye su kai shi asibiti a ranar, su kuma riƙe kwalin duk maganin da ya sha don likita ya gani.