Shugaban Jirgin Bayi Da Ya Zama Limamin Kirista

Mabiya addinin Kirista suna cewa idan mutum ya tuba, Allah yakan sabunta zuciyarsa, ya kuma ba shi ƙarfi ta wurin Ruhu Mai Tsarki har ya aikata abin da a da ya gagare shi. Wannan shi suke kira sabuwar haihuwa. Mutane da yawa suna zaton abu ne na dare ɗaya, amma labarin wani Baturen Ingila, John Newton, ya nuna mana yakan ɗauki shekaru.

An haife shi a Landan cikin 1725. Uwarsa mai ibada ce, amma ta rasu kafin ya cika shekara bakwai. Yana da shekara 11 ya bi ubansa aikin jirgin ruwa, ya tashi gagararre mai yawan saɓo. Cikin 1745 ya shiga cinikin bayi a gaɓar Saliyo, inda shi kansa ya ɗanɗani yunwa da wulaƙanci a hannun maigidansa.

A watan Maris na 1748, yana kan hanyar komawa gida, guguwa ta auka wa jirginsu kusa da ƙasar Ailan, ruwa yana ta shiga. Da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri sai ya roƙi jinƙan Allah, jirgin kuwa ya kai gaci da ƙyar. Har ƙarshen ransa yana tunawa da wannan rana kowace shekara.

To, ga abin da muke so masu karatu su lura da shi. Newton ya daina saɓo, amma bai daina cinikin bayi ba. Tsakanin 1750 da 1754 sau uku yana shugabantar jirgin bayi, yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, alhali kuwa ga mutanen Afirka ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ciwo ne ma ya raba shi da teku. Daga baya shi da kansa ya shaida cewa a lokacin nan bangaskiyarsa ba ta nuna ba tukuna.

Sannu a hankali ya nemi ilmi, har aka naɗa shi limamin coci a garin Olney cikin 1764, sa'an nan ya koma Landan. Cikin 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, William Wilberforce, ya zo neman shawararsa ko ya bar siyasa saboda addini. Newton ya ce masa ya zauna ya bauta wa Allah a can. Cikin 1788 ya buga wani ɗan littafi, ya fallasa azabar da ake gana wa bayi a jirage, ya amsa laifinsa a bainar jama'a, aka rarraba wa 'yan Majalisa. Cikin 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, shi kuwa ya rasu a watan Disamba na shekarar.

Daga addu'ar guguwa zuwa wannan littafi shekara 40 ke nan, waɗanda ya sayar a tsakani kuwa tubansa bai komo da su gida ba. Kirista suna ganin ƙarfin da ya sa tsoho mai martaba ya tona asirin kansa domin ceton wasu daga Allah yake. Mu kuwa abin da muka gani shi ne, ana auna tuba da abin da mutum ya yarda ya rasa saboda ita, jinkirinta kuma wasu ne suke biyan kuɗinsa.