Yadda ƙwaƙwalwa ke gane fuska

Ka shiga kasuwa cike maƙil da jama'a, kafin ƙiftawar ido ka hango fuskar ƙanenka. Amma a jera maka kwanukan sha hamsin masu kama da juna, sai ka sha wuya kafin ka gane naka.

Kujera ko mota, ƙwaƙwalwa kan iya tantance su gaɓa-gaɓa. Fuska kuwa a dunƙule take ɗaukarta: tazarar idanu, zaman hanci, faɗin baki, duk a tashi ɗaya. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka nuna wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, galibi ta ɓangaren dama, wanda aikinsa ke ƙaruwa sosai da zarar ido ya faɗa kan fuska.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Peter Thompson a Ingila a 1980. Ya ɗauki hoton Margaret Thatcher, ya juya idanunta da bakinta, sannan ya kife hoton gaba ɗaya. A kife, da wuya ka lura da wani aibu. Da an miƙe shi kuwa, sai fuskar ta zama abin tsoro.

Idan wancan yanki na ƙwaƙwalwa ya samu rauni, mutum na gani garau amma ya kasa gane matarsa, sai ta yi magana ya shaida muryarta. Likitan Jamus Joachim Bodamer ne ya raɗa wa wannan larura suna prosopagnosia a 1947.