Kada mai kiwon kifi ya zama kifin rijiya

Matafiyin da ya taso daga Tawa ya nufi arewa, bayan tafiyar kamar kilomita 50 zai iske tabkin Tabalak a gefen hanya. Nan masunta ke fitowa da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, mata kuma na suya suna saida wa fasinjoji. Daga nan sai ruwa ya dinga ja da baya, itatuwa su dinga raguwa, har a kai Agadas, har a kai Anu Araren da Arlit, inda ruwan saman shekara guda bai kai abin da Gaya ke samu cikin watan Agusta kaɗai ba. Kifin da ake ci a waɗannan garuruwa yawancinsa baƙo ne, ko banda da busasshe daga kudu, ko na teku cikin ƙanƙara. Kafin ya iso kuɗin mota ya hau kansa, talaka kuwa sai dai ya gan shi a kasuwa.

Ban da Agadas, garuruwan nan ma'adinai ne suka kafa su. Kampanin Somaïr ya fara fid da yuraniyom a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978. A 1975 aka kafa kampanin Sonichar domin haƙar gawayin ƙasa na Anu Araren, kusa da Cirozerin, kamar kilomita 75 daga Agadas, kuma tun 1981 tasharsa ke ba da wutar lantarki ga ma'adinan da garuruwan yankin. Amma fa ma'adini yana ƙarewa. Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka bar aiki, ban da ɗaruruwan masu aikin kwangila. Tun daga lokacin maganar wata sana'a da za ta riƙe iyali ta zama maganar kowane gida, kuma kiwon kifi na cikin sana'o'in da ya kamata a duba.

Shin kifi na rayuwa a hamada?

Yana rayuwa, an kuma gwada. A Misira, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka kiwon kifi, akwai gonaki cikin hamada da ke jawo ruwan rijiyar burtsatse, ya bi ta tankin kifi, sa'an nan ya wuce ga shuka. A Aljeriya maƙwabciya, a yankin Wargala, manoman dabino na zuba karfasa cikin tankunan ban ruwa. Dabarar ke nan: ruwa ɗaya, aiki biyu. Kashin kifi taki ne, saboda haka ruwan da ya fito daga tanki ya fi wanda ya shiga amfani ga albasa da tumatir. Masu lambunan Ayar, daga Cirozerin har Tabelot da Timiya, sun daɗe da sanin rijiya da injin ban ruwa, wato rabin aikin yana hannunsu.

Sauran rabin shi ne sani. A ɗauki misalin mai lambu guda wanda ya gina tankin siminti, ya aika kudu aka sayo masa ƴaƴan kifi dubu. Akwai abubuwa biyar waɗanda in bai ji labarinsu ba tun kafin ya sa kuɗinsa, to ya yi hasara.

Na farko sanyi. Karfasa ta fi girma in zafin ruwa yana wajen digiri 28 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20 cinta ya ragu ƙwarai, in ya kai wajen 11 ko 12 sai ta fara mutuwa. Daren hunturu a jahar Agadas, cikin Disamba da Janairu, yana sanyaya ƙaramin tanki marar zurfi fiye da yadda ake zato. Wanda ya san haka zai zuba kifinsa bayan sanyi ya wuce, ya kwashe kafin ya dawo, ko kuwa ya zurfafa tankin ya rufe shi da leda da dare.

Na biyu, rana da iska suna shan ruwa. A wannan yanki abin da suke ɗauka daga buɗaɗɗen ruwa ya zarce tsawon mita 2 a shekara. Kududdufi mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai rasa fiye da lita dubu 200, wato tano dubu guda. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na arewa kuwa yawancinsa tsohon ajiya ne tun zamanin da hamada ke da dausayi, ruwan saman yau ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Saboda haka babban kududdufi irin na bakin kogi bai dace da nan ba.

Na uku halin kifin kansa. Karfasa na fara haihuwa tun tana ƙarama, in aka haɗa maza da mata sai tanki ya cika da ƙanana waɗanda ba su saiduwa. Shi ya sa masu sana'ar ke kiwon maza zalla. Tarwaɗa tana jure ƙarancin iska cikin ruwa domin tana shaƙa daga sama, amma babba na cin ƙarama, dole a riƙa ware su bisa ga girmansu.

Na huɗu abinci da sufuri. Abincin kifi yakan cinye kashi 60 ko fiye cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Ƴaƴan kifi kuma, in za su yi tafiyar kilomita ɗaruruwa, sai an hana su abinci kwana guda, a sa su cikin leda mai iskar oksijan, a yi tafiya da sanyin safiya ko da dare. Daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 950 ne.

Na biyar, wanda ya fi su duka nauyi, lafiyar ruwan. A ƙasar ma'adinai ba kowane ruwa mai haske ne ke da kyau ba. Ruwan da ya ratsa ramin gawayi yana iya yin tsami ya ɗauko ƙarafa. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta fid da rahoton awon da ta yi a yankin Arlit, ta ce cikin samfurin ruwa biyar, huɗu sun zarce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar domin ruwan sha. Kifi wata da watanni yake kwana cikin ruwansa, sa'an nan yara su ci. Wajibi ne a auna ruwa kafin a zuba kifi, a kuma gaya wa jama'a sakamakon awon cikin harshen da suke ji.

Babu ɗaya cikin waɗannan biyar da yake asiri. Duk an rubuta su tun da daɗewa. Tambaya ita ce, ta wace hanya za su isa kunnen mai lambun Cirozerin?

Darasin kogin Isa

Ƙasar Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan sana'a. A 1981 gwamnati ta buɗe shirin kiwon karfasa cikin keji masu yawo bisa kogin Isa, da taimakon wata cibiyar bincike ta Faransa mai suna CTFT. An kafa tashar ƙyanƙyasa a Sona, aka dasa keji a wajejen Tillaberi da Kokomani, aka horar da masunta. Kifi ya girma, ma'aikata sun koyi abubuwa masu yawa, musamman irin ɓarnar da sanyin hunturu ke yi. Amma iri da abinci da shawara duk daga hannun shirin suke fitowa. Da tallafin waje ya ƙare cikin shekarun 1990, sai aikin ya ja baya ƙwarai.

Abin da aka koya bai ɓace ba, yana nan cikin rahotanni da Faransanci, waɗanda manomi bai taɓa gani ba. Wanda ya tashi kiwon karfasa yau a Agadas yana iya faɗa wa ramin da aka gano tun shekara 40 da suka wuce. Hausawa na kiran mutumin da bai san abin da ke bayan garinsu ba kifin rijiya. Mai kiwon da ke fama shi kaɗai, bai ji na wani ba, wani bai ji nasa ba, shi ma haka yake.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa a 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun kai tan miliyan 94, karo na farko ke nan da kiwo ya zarce su. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kiwon ruwa a Asiya ake yin sa, rabon Afirka kuwa wajen kashi 2 ne kawai. A duniya mutum guda na cin kamar kilo 20 a shekara, a Afirka bai kai kilo 10 ba.

Dalilan wannan rata suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne yadda mutanen Asiya suka tsara musayar sani. A 1980, da taimakon FAO, suka haɗa cibiyoyinsu cikin ƙungiya guda mai suna NACA, wadda ta zama ta gwamnatocinsu a 1990, mazauninta a Bankok. Sun raba aiki tsakanin manyan cibiyoyi huɗu, a Sin da Indiya da Tailan da Filifin. Kowace ta riƙe fannin da ta fi ƙwarewa, tana horar da ma'aikatan sauran ƙasashe, har ya zama ba sai kowa ya sake binciken da ɗan'uwansa ya gama ba.

Afirka ta biyo sawu daga baya. A watan Agusta 2005 aka yi babban taro a Abuja kan su da kiwon kifi, ƙarƙashin shirin NEPAD. Bayansa aka kafa ƙungiyar ANAF ta gwamnatoci bisa tsarin ta Asiya. A 2008 kuma shirin SARNISSA, wanda jami'ar Stirling ta Birtaniya ta jagoranta da kuɗin Tarayyar Turai, ya haɗa masu bincike da masu kiwo da ƴan kasuwa na ƙasashen kudu da Sahara. Sai dai da Ingilishi da Faransanci aka gudanar da shi. Mai lambun Ayar kuwa Tamashek da Hausa yake ji.

Akwai wata hanyar sani ta kusa wadda ba ta da ofis. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon tarwaɗa, kuma masu kiwo na Nijar da dama daga can suke sayo iri da abinci, tare da su kuma dabarun aikin ke ƙetarowa da Hausa, daga baki zuwa baki. Hanyar tana da amfani, amma mai sayarwa ba kasafai yake faɗin aibin hajarsa ba, kuma shawarar da ta dace da Kano ba lalle ta dace da sanyin Arlit ba.

Abin da ke hannu

Ba sai an ƙago sabon abu ba. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar. A wancan zamani mutanen ƙauye na taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, mai kula da kulob ya ɗauki muryoyinsu ya aika, a sa su cikin shiri na gaba. Magana na tafiya tana dawowa. Daga 1999, da aka buɗe ta Bankilare, gidajen radiyon karkara suka bazu cikin ƙasa. Tun 1975 akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a 2014 kuma aka kafa jami'a a Agadas. A 2017 ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe cibiyar amsa tambayoyin manoma ta wayar salula cikin harsunan gida, ta kuma haɗa su rukuni-rukuni a WhatsApp, inda wanda bai iya rubutu ba yakan aika da murya ko hoton abin da ya dame shi.

Abin da ya rage shi ne a ɗinke waɗannan domin mai kiwon kifi na arewa. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda sha'anin kifi ke hannunsu, ya kamata su san kowane mai tanki a gundumarsu, su kuma haɗa shi da ƴan'uwansa. Tsofaffin rahotanni a tsamo abin amfani daga cikinsu, a mai da shi takarda guda da Hausa da Tamashek, radiyo ya karanta ta kafin hunturu. Masu kiwo in sun san juna za su iya haɗa kuɗi su yi odar iri da abinci a mota ɗaya, su kuma raba lokacin kwasa don kada su cika kasuwa rana guda. Sakamakon awon ruwa kuwa kada ya tsaya cikin akwatin ofis.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban rabo cikin wannan aiki. Kowane tanki yana bukatar littafi: ranar da aka zuba kifi da yawansa, inda aka sayo shi, kilo nawa na abinci aka ba shi, nawa suka mutu da ranar da suka mutu, nawa aka samu ran kwasa. Littafi goma irin wannan daga Cirozerin da Agadas da Arlit za su nuna watan da ya dace da zuba kifi a arewa, abin da wani littafin waje ba zai faɗa ba.

Kuma a rubuta hasara kamar yadda ake rubuta riba. Al'ada ce in baƙo ya zo rangadi a kai shi gonar da ta yi kyau, wanda kifinsa ya mutu kuwa ya yi shiru don kunya. Alhali labarinsa shi ne zai tsirar da kuɗin mutum goma da ke shirin bin bayansa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in wanda ya riga shi bin hanyar ya yarda ya faɗa masa inda ƙaya take.