Bin Sharuɗɗan Masu Ba Da Kuɗin Bincike: Misali Daga Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayanin yadda malamin jami'a zai cika sharuɗɗan waɗanda suka ba shi kuɗin bincike, musamman idan fagen aikinsa bakin iyaka ne. An ɗauki yankin Kusa da Magama, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, don ya zama abin misali, domin ta nan ne hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ƙetare ta faɗa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Jami'o'i na kewaye da wurin, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi. Duk mai nazarin ciniki ko ƙaura ko harshe ko lafiyar jama'a a wannan shiyya, da wuya bai bi ta wannan ƙofa ba.

Abin da takardar take son ta nuna shi ne, yawancin sharuɗɗan nan an tsara su ne da tunanin ɗakin gwaji da ofis, inda ake sayen kaya da rasit, kuma lokaci yake tafiya yadda aka shata. Bakin iyaka kuwa ba haka yake ba. Saboda haka wanda yake son ya fita lafiya, dole ne ya shigar da halin wurin cikin takardar neman kuɗi tun da fari, maimakon ya zo yana faci bayan aiki ya ƙare.

Wa Ke Da Kuɗin?

Babban mai ba da kuɗin bincike ga jami'o'in gwamnati a Nijeriya shi ne asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993. Yana da tallafin da ake rabawa ta hannun kowace makaranta, yana kuma da na ƙasa baki ɗaya wanda ake takara a kansa. Ban da shi akwai masu bayarwa daga Turai da Amurka. Kowannensu da nasa littafin ƙa'ida, amma sun haɗu a kan abu guda: da jami'a ake ƙulla yarjejeniya, malami kuwa jagoran aiki ne. Galibi kashi-kashi ake sakin kuɗin, ba a ba da na gaba sai an ga rahoton aiki da bahasin na baya. Ke nan idan malami ɗaya ya kasa ba da bahasi, ba shi kaɗai abin yake shafa ba. Yana iya toshe wa abokan aikinsa ƙofa, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka.

Lokaci Da Rufe Iyaka

Kowace yarjejeniya tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kuɗin da aka kashe bayan ranar ƙarewa ba a karɓar bahasinsa. To, sai mu dubi abin da ya sami Jibiya cikin 'yan shekaru. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe huɗu a watan Disamba na 2020, Illela da Maigatari suna ciki, Jibiya ba ta ciki. Sai a watan Afrilu na 2022 aka buɗe ta. A tsakanin nan kuma, cikin watan Satumba na 2021, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Jibiya, aka kuma hana bin hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har watan Maris na 2024.

Watau daga Agustan 2019 zuwa Maris na 2024, watannin da ƙofar take a rufe sun fi waɗanda take a buɗe yawa. Malamin da ya yi alkawarin ƙidaya motocin kaya ko hira da 'yan kasuwa a ɓangarorin biyu cikin wata goma sha biyu, yana iya wayar gari babu motar da zai ƙidaya. Hanyar da ƙa'ida ta tanada a nan sananniya ce, sai dai ba a cika binta ba. Malami zai rubuta, ta hannun ofishin bincike na jami'arsa, ya nemi ƙarin lokaci ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ya yi haka kafin wa'adi ya cika. Idan kuwa zai sauya fage, alal misali ya koma Maigatari, wannan ma sai da izini a rubuce. Amincewar baki ta wani jami'i a waya ba ta tsaya wa kowa a gaban odita.

Rasit Da Canji

A nan ne gizo yake saƙar. Odita yana son rasit mai suna da kwanan wata da hatimi. Ɗan acaɓan da zai kai mai bincike ƙauye ba shi da rasit, haka ɗan dako, haka dillalin da ya ɓata wuninsa yana haɗa shi da fatake. Abin da wasu suke yi shi ne su sami rasit na wani kanti a cikin Katsina su cike gurbin. Kuɗin dai an kashe su da gaske, amma takardar ƙarya ce, kuma a idon mai bayarwa babu bambanci tsakanin wannan da sata. Mafita ita ce a roƙi mai bayarwa da ofishin kuɗi na jami'a su amince tun farko da takardar biya ta fage, wadda za ta nuna aikin da aka yi da adadin kuɗi da rana, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wani mataimaki ya shaida. Masu bayarwa da yawa sun saba da irin wannan takarda, amma ba su yarda a ɓullo da ita bayan an kashe kuɗi.

Daɗin daɗawa ga maganar canji. Da an tsallaka Ɗan Isa, sefa ake kashewa, ita kuwa a ɗaure take da kuɗin Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957. Naira kuwa, kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Kasafin da aka yi da naira don aiki a Maraɗi ya zube ke nan, wanda aka yi da dala kuwa sai ya bar rara. Rarar nan ba ta malami ba ce, ba ta jami'a ba ce. Sai an tambayi mai ita abin da za a yi da ita. Haka nan 'yan canji na bakin iyaka ba su ba da takarda, don haka wajibi ne yarjejeniya ta faɗi farashin da za a yi lissafi da shi. Kada kuma a manta takunkumin 2023 ya haɗa da dakatar da hulɗar kuɗi da Nijar, abin da ya sa biyan abokin aiki a Maraɗi ta banki ya tsaya a lokacin.

Ɗauke kuɗi daga wani layin kasafi zuwa wani, kamar daga sayen kayan aiki zuwa sufuri, shi ma yana bukatar izini idan ya wuce haddin da aka yanka.

Mutanen Da Ake Bincike A Kansu

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne na yardar mutane. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, inda yara wajen 200 suka shiga, 11 suka rasu; aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta fito a 2007, kuma a yau da wuya mai bayarwa ya saki kuɗi bai ga takardar kwamitin ɗa'a ba. Takardar kwamitin wata jami'a ta Nijeriya kuwa ƙarfinta a Magama ya tsaya. Wanda zai yi hira a Ɗan Isa ko Madarumfa sai ya nemi izinin hukumomin Nijar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta abokan aiki na jami'ar can. Gaisuwa wurin hakimi da dagaci wajibi ce a al'ada, kuma ita take buɗe ƙofa, amma yardar dagaci ba ta ɗauke wa mai bincike neman yardar kowane mutum da bakinsa.

Sa'an nan akwai wani karo da yake faruwa tsakanin sharuɗɗan su kansu. Ofishin kuɗi yana son sunan duk wanda aka ba ladan hira, kwamitin ɗa'a kuwa ya ce a ɓoye sunansa. A wurin da wasu suke ci da fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, wasu kuma suke tsoron a ce su ne masu kai rahoto ga hukuma ko ga 'yan bindiga, jerin sunaye da lambobin waya abu ne da yake iya jawo wa mutum kamu, ko abin da ya fi kamu. A ra'ayin wannan takarda, idan sharuɗɗan biyu suka yi karo, na tsare rai shi ne gaba. Sai dai ba malami ne zai yanke wannan shi kaɗai a daji ba. Tun kafin a fita za a zauna da ofishin kuɗi da kwamitin ɗa'a a amince cewa lamba za ta maye gurbin suna a takardar biya, jerin sunayen na ainihi kuwa ya zauna a kulle wurin jagoran aiki, odita ya duba shi a nan idan ya bukata ba tare da ya ɗauki kwafi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Wasu masu bayarwa na waje kuma sukan sa sharaɗin a ajiye bayanan bincike a rumbun da kowa zai iya shiga ta intanet. Kafin a sa hannu a kan wannan, sai a nemi a keɓe muryoyin hira da sunayen ƙauyuka, domin a wuri kamar Kusa, faɗin unguwar mutum da sana'arsa ya isa a gane ko wane ne.