Salsalar Gida: In Ji Wa, Kuma Wa Ya Gyara?

Kusan kowane babban gida yanzu yana da ɗan bokon da ya ɗauki nauyin rubuta salsala. Ya zauna da tsofaffi, ya jera sunaye, ya tura wa dangi ta WhatsApp. Kafin mako ya zagayo wani kawu ya ce ai kakan gidan daga Daura ya taso, ba Katsina ba. Sai a goge Katsina a sa Daura. Bayan shekara biyu babu mai iya tuna wanda ya ce Katsina, balle hujjar da ta sa aka bar maganarsa. Gogewar nan ita ce ɓarnar.

Abin mamaki, mu da muka tashi da karatun hadisi bai kamata a koya mana wannan ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wane ya ji daga wane. Haka ya kamata kowane layi na salsala ya zo da mai shi: wace gwaggo ce ta faɗa, a wace rana, da idonta ta gani ko ji ta yi? In takarda ce, wace iri? Takardar rabon gado ta kotun alƙali da aka rubuta a lokacin tana da nauyi. Takardar rantsuwar shekaru da mutum ya yi yana neman aiki kuwa, a yi taka-tsantsan da ita. Ita ce ta cika ƙasar nan da waɗanda aka haifa ranar 1 ga Janairu.

Shekaru su suka fi ba da wahala. Tsohuwa ba za ta ce 1956 ba, cewa za ta yi shekarar zuwan Sarauniya. Rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, sannan ka sa lissafinka a gefe, ka nuna naka ne. Ko Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, tsawon mulkin kowane sarki ya kawo. Shekarar 999 da ake ba Bagauda lissafi ne aka yi da baya-baya, amma yau ɗalibai na haddace ta kamar an ga an rubuta a ranar. Sai kuma sunaye. Alkunya ta sa matan gida ba sa kiran sunan yanka na suruki ko ɗan fari, sai laƙabi, har mutum ɗaya ya shiga littafi sau biyu, nan Tanko, can Muhammadu. A rubuta duka biyun a wuri guda.

To, ina za a ajiye gyare-gyaren? Masu rubuta manhaja sun daɗe da maganin wannan. A 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke adana kowane gyara da sunan mai yin sa da ranar da dalilinsa, kuma tana iya dawo da rubutun yadda yake bara. Ta fi aiki da rubutu zalla, don tana nuna layin da ya canza. Tsarin GEDCOM, wanda cocin Mormon na Amurka ya fito da shi a 1984 don musayar bayanan zuri'a, rubutu ne zalla, kuma manhajar Gramps ta kyauta tana fitar da shi. Kowane gyara a yi shi shi kaɗai, da bayani gajere: an mayar da garin asali Daura bisa takardar gado, riwayar Katsina tana nan. Wanda bai iya Git ba, littafi mai bango da biro sun isa, muddin zai ja layi ɗaya a kan tsohon rubutu maimakon ya yage shafin.

Sai dai Git ba ya mantuwa. Abin da ka goge yau yana nan cikin tarihin gyare-gyare, duk wanda ya kwafi ma'ajiyar zai gani. Salsala kuwa cike take da abin da ke raba zumunci: sakin aure, rigimar gona, maganar bauta a asali. Bayanan rayayyu da irin waɗannan a ware su daban tun farko, kada su hau ma'ajiyar intanet da kowa ke iya buɗewa, kwafi na biyu kuma a ba wani amintacce a wani garin.