Kaba da goruba: yadda ake auna lafiyar dajin Jakusko

Wanda ya bi hanyar Gashua zuwa Jakusko, ko ya ratsa fadamun Nguru, zai ga kaba ta mamaye gefen gonaki, har ya ɗauka goruba ba ta cikin wani haɗari a arewacin Jihar Yobe. Yawan kaba kaɗai ba ya nuna haka.

Kaba ita ce goruba tun tana ƙarama, kafin ta yi gangar jiki. Daga ganyenta ake saƙa tabarma da igiya da faifai, sana'ar da ke riƙe da gidaje da yawa, musamman da rani. Sai dai idan ana yanke sabon tohon da ke tsakiyarta kowace shekara, dabbobi kuma suna bi suna ci, shukar ba ta mutuwa, amma ba ta tashi. Haka za ta zauna a ƙasa shekara da shekaru ba ta haihu ba.

Ga kuma wata matsalar: goruba tana da namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Saboda haka sare babbar itaciya ɗaya domin rufin ɗaki ko makamashi na iya kawar da irin da zai maye gurbin tsofaffin. Tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye domin ƙwalshi shi ma yana rage ƙodagon da zai faɗi ya tsira. Abin lura, ke nan, shi ne adadin matasan itatuwa da suka tsallake matakin kaba.

Ruwa ma ya sauya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar kogin Haɗeja da ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda saiwar goruba ke dogaro da shi.

Dajin Gogaram na cikin sashen Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, amma goruba da yawa tana gonakin jama'a, inda ikon jami'an gandun daji bai kai ba. A nan ne dabarar manoman Gulbin Kaba a Jihar Maraɗi ta Nijar ke da amfani: a kowane kurmin kaba ana zaɓar toho ɗaya ko biyu a bar su su girma, sauran kuma a ci gaba da yanka domin saƙa.